Ku Taɓa Jijiyar Iyayenku

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya tayar da zuciya tana bugawa tun muna cikin mahaifa, bai ba ta hutun dare ba, bai ba ta hutun rana ba, kuma bai taɓa karɓar ladan ko bugu ɗaya daga hannunmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayena maza da iyayena mata, ya ku yayyena da ƙannena, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah a kan wata amana da ke zaune a zaurukanmu, take kwance a ɗakunanmu. Ina nufin tsofaffinmu. Ina nufin hankalinsu, wanda yake tsiyayewa a gaban idonmu kaɗan-kaɗan, mu kuwa mu kaɗa kai mu ce, "Ai gigin tsufa ne," mu ci gaba da harkokinmu kamar an rufe magana.

Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Ku dubi matsayin hankali a cikinsu. Da shi ake sanin Allah. Da shi ake ƙulla niyya. Da shi ake gane alƙibla, a ƙirga raka'a, a tuna cewa ana azumi. Ranar da ya tafi, an ɗauke wa bawa alƙalami. Shi ya sa aka haramta giya, shi ya sa muke hawa mumbari muna kuka da ƙwaya da sholisho da ruwan kodin da suka cinye mana matasa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma ba za mu daina ba. Amma akwai wata ƙofa da hankali yake fita ta cikinta, ƙofar da ba mu sa mata ido ba, domin ba a bayan kasuwa take ba, ba a tashar mota take ba. A ƙirjin mahaifinka take. A ƙirjin mahaifiyarki take.

Kun san dattijon da nake nufi, domin da wuya a sami unguwar da ba ta da irinsa. Shekara da shekaru shi ne farko a sahu. Shi ake kira in an zo rabon gado, saboda iyakar gonar kowa tana kansa. Sai wata shekara ya fara cewa gabansa na faɗuwa ba gaira ba dalili. Ya ce in ya tako daga gida zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta. Ya ce wani lokaci cikin dare yakan ji ƙirjinsa na kaɗawa ba tsari, can sai ya lafa. 'Ya'yansa suka ce tunani ne ya yi masa yawa, aka sayo masa maganin ƙarin jini a kemis. Bayan 'yan shekaru sai ga shi yana sake alwala bai daɗe da idar da alwala ba. Yana tambayar sunan jikan da shi da kansa ya yi masa huɗuba. Ya tsaya a salla bai san ta uku yake ba ko ta farko, ƙabli da ba'adi sun zame masa abin kullum. Ran nan aka tsinto shi a bakin kasuwa da la'asar sakaliya, yana neman hanyar gidan da ya gina da guminsa. Kowa ya ce, "Allah sarki, tsufa!" Ba wanda ya haɗa faɗuwar gaban nan ta farko da mantuwar nan ta baya. Ba wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan jijiyar hannunsa.

To ku saurara, ya bayin Allah, in gaya muku abin da masana lafiya suka gano, domin sanin halittar Allah ƙarin imani ne.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su karɓi jini su miƙa wa na ƙasa, na ƙasa su tura shi huhu da sauran jiki. A ɗakin sama na dama Allah ya ajiye wani ɗan gurbi da ke ba da umarnin kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, wajen bugu 100,000 ke nan daga safiya zuwa safiya. Ku tuna lugude a gidan biki: mata uku a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, ba wadda ke karo da 'yar'uwarta, saboda duk kiɗa ɗaya suke bi. Haka lafiyayyar zuciya take. Cutar da nake magana a kanta, rikicewar bugun zuciya, wadda likita ke rubutawa da haruffa biyu, AF, a katin asibiti, ita ce watsewar wannan tsari. Umarni ya riƙa ɓullowa ta ko'ina, ɗaruruwa a minti ɗaya. Ɗakunan sama su daina matsawa, su koma karkarwa kawai. Na ƙasa su riƙa bugawa yadda ta kama, biyu a jere, sai shiru, sai uku da gudu, sai ɗaya mai rauni.

Jinin da ba ya tafiya daskarewa yake yi. A jikin ɗakin sama na hagu akwai wata 'yar jaka, nan jini ya fi kwanciya idan ɗakin ya daina matsawa, nan gudan jini yake haɗuwa. Wata rana ya ɓalle, ya bi jini, ya haura ta manyan jijiyoyin wuya, ya je ƙwaƙwalwa ya toshe hanya. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, duk da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da jiki yake amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini ya tsaya mata na 'yan mintoci, wurin ya fara mutuwa.

Idan gudan jinin babba ne, kowa zai gani: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Shanyewar ɓarin jiki ke nan. A wani gari da ake kira Framingham a Amurka, likitoci sun fara bin lafiyar dubban mazauna garin tun 1948, kuma a 1991 suka bayyana cewa mai wannan cuta ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. Ninki biyar, jama'a!

Amma abin da ya tsayar da ni a gabanku yau ya fi wannan ɓuya. Ba kowane gudan jini ne babba ba. Akwai ƙanana, waɗanda ke wucewa ba ihu ba faɗuwa, su toshe 'yar siririyar jijiya a nan, su kashe ɗan wuri a can. Mutum ya tashi da safe garau, ya yi salla, ya karya kumallo, bai san cewa daren jiya an rage masa wani abu ba. A ƙasar Siwizalan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan cuta sama da 1,700, aka fitar da sakamakon a 2019. A cikin waɗanda ba su taɓa sanin sun sami shanyewar ɓarin jiki ba, kusan 15 cikin 100 an tarar da babban tabon toshewar jini a ƙwaƙwalwarsu, ban da masu ƙananan tabo. Kuma da aka gwada tunaninsu, masu manyan tabon nan sun gaza sauran. Ƙari a kan haka, zuciyar da ke bugawa ba tsari ba ta kai wa ƙwaƙwalwa jini daidai wa daida; wani bugun ya cika, wani ya gaza, shekara da shekaru. Sannan abubuwan da ke rikita zuciya tun farko, hawan jini da ciwon suga da ƙiba, su ne dai suke cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nasu ɓangaren.

Tun 1997 masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, bayan sun duba mutum sama da 6,000 'yan shekara 55 zuwa sama, suka ga gigin tsufa ya fi yawa wajen ninki biyu ga masu rikicewar bugun zuciya, har da waɗanda ba su taɓa shanyewa ba. A Koriya ta Kudu aka bi mutum sama da 260,000 'yan shekara 60 zuwa sama, a 2019 aka bayyana cewa waɗanda cutar ta kama haɗarin gigin tsufa ya ƙaru musu da kusan rabi. Ƙasashe daban, abinci daban, harshe daban, labari ɗaya.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da gigin tsufa a duniya sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke, irin namu. Babban mai share wa wannan cuta hanya shi ne hawan jini, kuma masu bincike suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da shi. Ku dubi sahun da kuke zaune. Ku ƙirga uku-uku. Da yawa daga cikinmu suna ɗauke da shi ba su taɓa awo ba, wasu sun yi awo sun sha magani wata ɗaya sun ajiye.

Muna kuma da wata ƙofar da ƙasashe masu arziki suka kusa toshewa, mu tamu tana nan a buɗe. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ce beli ne, a kai shi wurin wanzami, ko a ba shi ruwan ɗumi a jira. Wani irin ciwon maƙogwaro ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda penisilin mai araha ke kashewa. In aka bar ta, ga wasu yaran jiki yakan juya ya yaƙi kansa, gaɓoɓi su kumbura, ƙofofin zuciya su lalace. Shekara goma, shekara ashirin, sai ga budurwa ko matar aure mai ƙuruciya da ƙofar zuciya a tsuke, ɗakin sama ya buɗe, bugu ya rikice. Ita ba ta kai tsufa ba balle a ce tsufa ne. Ya ku iyaye mata, ciwon maƙogwaron yaro mai haɗe da zazzaɓi, asibiti ake kai shi. Kuna tsare masa zuciyarsa, kuna tsare masa hankalinsa na shekaru masu zuwa.

Na san abin da ke yawo a zuciyar wani a nan. Yana cewa, "Malam, ai ƙaddara ce. Allah da kansa ya ambaci wannan hali." Gaskiya ne, ɗan'uwana. A Suratun Nahli da Suratul Hajji Allah ya ba mu labarin waɗanda ake jinkirta wa har su kai ƙarshen rauni na rayuwa, sanin da suka tara ya kuɓuce musu. Mun yi imani. Kuma ba kowane gigin tsufa ne daga zuciya yake ba; akwai wanda ke zuwa ta wasu hanyoyi, ba yadda ɗan Adam zai yi da shi sai haƙuri da jinya. Amma ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsarin Allah daga wannan matakin na rayuwa, kuma shi ne ya umarce mu da neman magani. Yaya za ka ɗaga hannu bayan kowace salla kana neman tsari daga abu, sannan a nuna maka ɗaya daga cikin hanyoyinsa ka ƙi tarewa? Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham da jama'arsa, da ya sami labarin annoba a can sai ya juya, ya kuma fahimtar da masu tambaya cewa kauce wa cuta shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Ko mun fi Umar tawakkali ne? Ƙaddara ita ce abin da ya same ka bayan ka yi iya yinka. Abin da ya same ka kana naɗe da hannu, kana da kuɗin katin waya ba ka da na gwajin mahaifinka, wannan akwai tambaya a kansa.

Kuma kada a ce taɓa jijiya baƙon abu ne gare mu. Ibnu Sina ya yi dogon bayani a kan nau'o'in bugun jijiya a littafinsa na likitanci. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Misira a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. A ƙasarmu nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da nauyin daula a kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Malamai ne, masu tsoron Allah ne, ba su ga karo tsakanin carbi da neman lafiya ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku, kuma ba ya cin ko sisi. Ku taɓa jijiyar iyayenku.

Ka je gaida mahaifinka bayan asuba, kamar yadda ka saba. Ka durƙusa, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, kawo hannunka in ji." Ka bari ya zauna ya natsu na kamar minti biyar, ba yana dawowa daga tafiya ba. Ka juya tafin hannunsa sama. Ka ɗora yatsunka biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunsa, ƙasa da gindin babban yatsa. Kada ka sa naka babban yatsan, domin yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. Ka danna a hankali har ka ji motsi. Ka dubi agogon wayarka, ka ƙirga minti ɗaya cur. Lissafin yana da amfani, amma abin da ya fi shi shi ne tsarin: shin tazarar bugu da bugu ɗaya ce, ko kuwa yana gudu ya tsaya, ya yi ƙarfi ya yi rauni, ba ka iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo? Tsallake ɗaya jefi-jefi yakan faru ga masu lafiya ma. Amma in ka ji hargitsi daga farkon minti zuwa ƙarshensa, ko bugu ya riƙa wuce 100 alhali yana zaune, to kada rana ta faɗi ba ku yanke ranar zuwa asibiti ba. Ke ma 'yar'uwa, in kin je gida ganin Inna, bayan kin sauke ƙullin goro da sabulu, ki kama hannunta. Ku maimaita lokaci zuwa lokaci, domin cutar takan zo ta tafi, kuma da yawan masu ita ba sa jin komai. Duk wanda ya kai 65, duk mai hawan jini ko suga, duk mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya cancanci wannan minti ɗaya.

A asibiti gwajin da ke tabbatarwa shi ne ECG. Ba allura, ba yanka, 'yan wayoyi ne a manna a ƙirji da hannu da ƙafa, cikin 'yan mintoci takarda ta fito. Akwai likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai su a asibitin Shika, akwai su a asibitin koyarwa na Sakkwato da na Maiduguri, akwai su a Yamai. Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, su za su tura ka gaba in da buƙata.

Kuma albishirinku, akwai magani. Akwai mai rage gudun zuciya, akwai hanyoyin maido da bugu kan tsari, akwai kuma maganin tsinka jini, wanda ke hana gudan nan haɗuwa. Tsohon cikinsu, wafarin, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi biyu cikin uku ga masu wannan cuta. Asfirin ba ya maye gurbinsa. A ƙasar Siwidin an duba bayanan masu cutar sama da 440,000, a 2018 aka ruwaito cewa waɗanda ke kan maganin tsinka jini haɗarin gigin tsufa ya ragu musu da kashi 29 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba sa sha.

Amma ku ji ni da kyau, kada wani ya tashi daga nan ya zarce kemis. Maganin tsinka jini ba alawa ba ne. Yana iya jawo zubar jini a ciki, har a ƙwaƙwalwa. A Kanada an gwada ba da irinsa ga masu cutar da ba su tsufa ba kuma ba su da sauran abubuwan haɗari, a 2024 aka sanar cewa bai kare musu tunani ba, aka tsayar da gwajin. Wani babban gwaji kuma da aka yi a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, a kan majiyyata sama da 4,500 masu lalacewar ƙofar zuciya irin wadda na ambata, ya nuna a 2022 cewa tsohon maganin ya fi sabon da aka gwada amfani gare su. Ma'ana, maganin maƙwabcinka ba naka ba ne. Likita ne zai auna shekaru, da hawan jini, da suga, da ƙoda, da halin ƙofofin zuciya, ya ce wannan ya sha, wannan kada ya sha.

In kuwa an rubuta, to riƙe shi amana ce, kuma a nan ne muka fi faɗuwa. Baba ya ji sauƙi, sai a ce ya warke, a daina saye. Kwalba ta ƙare ranar Talata, sai a ce a bari albashi ya shigo. Jama'a, wannan magani ba ciwo yake kashewa ba balle a ce ciwo ya tafi. Gadi yake yi, kuma ranar da aka daina shi ranar haɗari ya dawo. Mai shan wafarin yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, ku kai shi. Kada ku haɗa masa da haɗin kemis na ciwon jiki, irin su diklofenak da ibuprofen. Kada ku ɗura masa jiƙe-jiƙe da saiwoyi likita bai sani ba. Kada a yi masa ƙaho ko a cire masa haƙori ba a faɗi abin da yake sha ba. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita tun wuri, domin wafarin yana cutar da ɗan tayi. In watan azumi ya gabato, ku je a tsara muku lokacin sha tun a Sha'aban. In kun ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko fitsari ja, ko bayan gida baƙi ƙirin, ku garzaya. In kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, ko da ya dawo daidai bayan ɗan lokaci, ku yi addu'a a cikin mota kuna tafiya asibiti. Kada ku kwana kuna turare kuna cewa iska ce ta buge shi. Sa'o'in farko su ne na ceto.

Ku rage gishiri da dunƙule da kanwa a tukunya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ba. Ku bar taba. Ku taka da ƙafa zuwa masallaci, lada biyu ne.

Yanzu bari in juyo ga waɗanda abin ya riga ya taɓa, domin haƙƙinsu ya fi nauyi, kuma a kansu na fi jin tsoron hisabinmu.

Tsohuwa ta fita tsakar dare tana kiran mijinta da ya rasu shekara ashirin, sai a ce mayya ce. Ta ambaci sunan jaririn maƙwabta cikin sambatu, sai yara su bi ta da jifa, manya suna kallo. Ku ji tsoron Allah! Wannan baiwar Allah mara lafiya ce. Ƙwaƙwalwarta ce ta ji rauni, kamar yadda ƙafa ke karyewa, kamar yadda ido ke mutuwa. Allah ya ɗauke mata alƙalami, ku kuwa naku yana rubutu. Dattijo ya tambaye ka abu ɗaya sau goma, sai ka daka masa tsawa a gaban jikokinsa. Ka manta Suratul Isra'i, inda Allah ya haɗa haƙƙin iyaye da tauhidi, ya ware lokacin tsufansu da ambato, ya hana ko da ƙaramar alamar ƙosawa? Ba don iyaye masu ƙarfi da kaifin hankali aka yi wannan gargaɗi ba, su ai ba su da wuyar zama. An yi shi ne domin irin wannan rana. Sau nawa ka tambaye shi abu ɗaya kana yaro, ya amsa yana dariya?

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Ɗa ya ga hankalin uba ya raunana, sai ya zo da takardar fili ko ta gida, ya kama yatsan uban ya dangwala, ya ce Baba ya ba shi kyauta. Wallahi wannan cin haram ne, ko da kotun duniya ta tabbatar maka. Dukiyar wanda hankalinsa ya gushe tsarewa ake yi, a ciyar da shi daga cikinta, a yi masa magani daga cikinta, da sanin 'yan'uwa da shaidu.

Kuma ku tuna da mai jinya. A yawancin gidajenmu mace ɗaya ce ke ɗauke da wannan kaya, ko 'ya, ko suruka, ko matar da ita ma ta manyanta. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce ba ta barci don kada tsoho ya buɗe ƙofa ya fice. 'Ya'ya maza su leƙo ranar Juma'a, su ajiye 'yan kuɗi, su tafi suna jin sun sauke nauyi. Ba ku sauke ba. Ku raba kwana. Ku karɓe ta ta huta. Ka zauna da mahaifinka ko da bai gane ka ba, ka yanke masa farce, ka karanta masa surorin da ya koya maka. Sau da yawa abin da aka haddace tun ƙuruciya yana daɗewa bayan sabo ya tafi, za ka ji yana bin ka. Ladan wannan zama, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Ya ku shugabannin wannan masallaci, mun tara kuɗi mun sayi lasifika, mun sayi janareta, mun shimfiɗa darduma. Na'urar awon hawan jini ba ta kai kuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba. A saya. A cikinmu akwai likita, akwai ma'aikatan jinya, akwai ɗaliban kiwon lafiya; ku ba da sa'a ɗaya bayan sallar Juma'a, wannan zakkar iliminku ce. A ware wa mata nasu lokacin a makarantar Islamiyya, mace ta duba mace. Duk wanda aka ji bugunsa ba daidai ba, a rubuta masa takarda, a haɗa shi da wanda zai raka shi. Ya ku masu hali, akwai dattijon da ke sahu ɗaya da ku wanda kuɗin maganin wata guda ne ya gagare shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ku neme shi a asirce, ku ɗauke masa, kafin ku sake biyan kujerar Umara. Ya ku masu riƙe da madafun iko, ƙaramin asibitin da ba shi da na'urar duba zuciya, ba shi da ma'aikacin da zai karanta takardar, ku za a tambaya.

Ku kuma matasa, ku da Allah ya bar wa iyaye da rai, ba na neman ku jira kwamiti, ba na neman ku jira gwamnati. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, kowa ya je ya kama hannun mahaifinsa, ya kama hannun mahaifiyarsa, ya ƙirga minti ɗaya. Wanda iyayensa suka rigaye shi, ga baffa, ga gwaggo, ga tsohon da ke maƙwabtaka ba shi da kowa. Wanda nasa ke nesa, ya kira ƙaninsa a waya ya koya masa. Juma'a mai zuwa zan tambaye ku.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye. Ka ƙarfafi masu jinya, ka yafe mana abin da muka gaza a haƙƙin iyayenmu, ka sa kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarsu da tamu. Amin.